Na Buɗe Shafi Don In Kori Dillali

Duk wanda muka yi ND II tare a sashen kimiyyar kwamfuta zai tuna lokacin da ake kira na Mai Tumatir. Abin dariyar shi ne ko ƙwaya ɗaya ta tumatir ban taɓa sayarwa ta intanet ba. Sunan ya biyo bayan wani shafi ne da na gina da kuɗin aljihuna, na yi ta cika baki a kansa daga hostal har teburin mai shayi, ya yi wata biyu a duniya ya ce ga garinku nan. Yanzu kuma ƙannenmu na ND I sun fara tare ni a hanyar laburare, wai in koya musu yadda ake buɗe kasuwanci a intanet, saboda sun ji ana cewa ina sayar da shinkafa har Abuja. Gaskiya ne, ina sayarwa. Amma idan na ba su rabin labarin na cuce su, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya a nan, har da inda na sha kunya.

Ni ɗan Kura ne. Gonarmu tana ta wajen Bunkure, cikin filin noman ranin da ke shan ruwan dam ɗin Tiga. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, an gama dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daga can aka jawo babbar kanal ta gangaro ta Kadawa, ta rarrabu ƙanana-ƙanana ta shiga gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Ruwan da kansa yake gangarowa, ba inji ke tura shi ba, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Da damina shinkafa ce ko'ina ka duba. Da rani kuwa tumatir, albasa, alkama, masara, kowa da abin da ya ga zai fisshe shi. Mu a can ba mu san zaman kashe wando da rani ba.

Amma wanda ya tashi a wurin ya san baƙin cikin Janairu zuwa Maris. Kowa ya dasa tumatir lokaci ɗaya, ya nuna lokaci ɗaya, sai ka ga kwandon da aka sha wahalar wata uku a kansa ana taya shi kuɗin da da ƙyar zai biya masu tsinka. Wasu su yanka su shanya ya zama kauɗa, wasu su bar wa dabbobi. Da aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa a 2016 mun ɗauka wahala ta ƙare, sai ga tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a shekarar, kamfanin ma ya rasa abin niƙawa. Ina ƙaramar sakandare lokacin, amma ban manta fuskar Baba ranar da ya dawo daga gona ya zauna a zaure bai ce wa kowa komai ba.

To a ƙarshen 2022 wani abokin karatuna da iyayensa ke zaune a Legas ya gaya mini kuɗin da aka sayar da kwando a kasuwar Mile 12 a makon. Na kira gida na tambayi na Kwanar Gafan, babbar kasuwar tumatir ɗinmu da ke kan titin Zariya. Tazarar ta fi ninki biyu. Nan take na yanke hukunci irin na ɗalibin da ya yi semista biyu da rabi ya ga ya gama sanin duniya: dillalai ne ke cinye abin da ke tsakani. Maganin kuwa ai mai sauƙi ne. A gina shafi, manomi ya sa hoton kayansa da farashi, mai saye daga Kudu ya gani ya biya, dillali ya nemi wata sana'ar.

Abin da ban tsaya na tuna ba, ko kuma na ƙi tunawa, shi ne Kawuna, yayan Umma, dillali ne a Kwanar Gafan tun kafin a haife ni. Kuma rabin kuɗin rajistata ta farko a makarantar nan daga aljihunsa ya fito.

Jarina bai fito daga hannun kowa ba. A ranin da ya gabata Baba ya yanka mini kwatar eka na sa albasa, bayan na cire kuɗin iri da taki da ladan ma'aikata aka bar ni da naira 92,000. Kuɗin rajistar shekara mai zuwa ne, haka muka yi da Baba. Su na taɓa. Laftof kuwa da ma ina da ita, 'yar gwanjo da na saya a titin Beirut, batirinta minti arba'in ne in ta yi kirki.

Ga 'yan wasu sassan da ba su san yadda abin yake ba, shafin intanet kamar shagon haya ne. Akwai adireshi, wato sunan da mutum zai rubuta ya same ka, ana biyan kuɗinsa duk shekara. Akwai kuma wurin ajiya, wato kwamfutar wani kamfani da ba a kashe ta dare da rana, ita ma haya ce. Ni da farko na nace sai kamfanin waje, don in ce shafina yana zaune a Amurka. Katin bankina ya ƙi. Lokacin bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma sun rufe gaba ɗaya. Dole na dawo gida na sayi adireshi mai ƙarewa da .com.ng, na kama wurin ajiya a wani kamfanin cikin ƙasa da ke karɓar naira. Na ji haushi sosai a ranar. Sai da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, na ga yadda abokaina masu biyan haya da dala suke rufe shafukansu ɗaya bayan ɗaya, sannan na gode wa katin nan da ya ƙi.

Sati shida na yi ina gini. Da rana lakca, da dare in zauna da laftof har batir ya mutu, in babu wuta in kai ta wurin mai caji in zauna a benci ina gadinta. Wani malaminmu ya ba ni shawara in yi amfani da WordPress in huta, na ƙi, wai ni sai na rubuta komai da hannuna da PHP don a san na iya. Kuma na zuba kaya, ba laifi. Akwai wurin rajistar manomi, akwai na mai saye, akwai taurari biyar na yaba wa wanda ya yi cinikin gaskiya, akwai Hausa akwai Turanci. Kafin manomi ya shiga sai ya sa imel, an aiko masa da saƙon tabbatarwa, sannan ya ƙirƙiri kalmar sirri mai harafi takwas da lamba a ciki. Ku duba fa. Baban da na ce don shi nake wannan wahala bai taɓa mallakar imel ba, wayarsa 'yar ƙaramar nan ce mai tocila. A cikin sati shidan nan ban tambayi manomi ko ɗaya me yake so ba, alhali gidanmu cike yake da su.

A saman shafin na rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA GONA ZUWA MAI SAYE, BA DILLALI.

Wata Asabar a tsakiyar Janairun 2023 na buɗe. Na buga takardun talla 300, na hau mota na sauka a Kwanar Gafan, kasuwar dillalan da kanta, na bi rumfa-rumfa ina rabawa, har ina liƙawa a jikin motoci. Yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A sati biyun farko mutum 17 suka yi rajista. Daga ciki 11 'yan ajinmu ne, biyu kuma ni ne da kaina ina gwaji. Manomi ɗaya tak ya sa kaya, wani matashi daga Bunkure mai babbar waya, kwando 40. Bayan kwana uku wata mata ta kira daga Ibadan tana so. Na kira shi jikina na rawa don murna, ya yi dariya ya ce tumatir ɗin ai tuni an yi miya da shi a Kudu. Na koma wa matar na ce zan samo mata wani. Sai ta yi mini tambayoyi uku: wa zai duba mata kayan kafin a loda, wace mota za ta ɗauko, kuma idan ta turo kuɗi na gudu, wa za ta kama? Na ce zan kira ta. Har yau ban kira ba.

Kawu bai neme ni ba. Umma ya gaya wa, ita kuma ta ce mini kawai, “Ka je ka gaida Kawunka.” Daga yadda ta faɗa na san akwai magana. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar ba komai, ya tambayi karatu. Can sai ya zaro takardar nan a ninke daga aljihun gaba ya miƙo mini.

“Injiniya, karanta mini nan. Idona ba ya ganin rubutu yanzu.”

Kawun da ke karanta lambar mota tun tana kwana. Na karanta, muryata ƙasa-ƙasa.

“To madalla,” in ji shi. “Gobe ka zo da asuba ka nuna mini yadda za a yi ba mu. In ta yiwu ni ma in huta.”

Wunin da na yi a bayansa ya fi mini kwas guda. Tun kafin gari ya waye yana kan waya da mutanensa na Legas, yana tambayar mota nawa suka shiga kasuwa daren jiya, don yawansu ne zai nuna masa ko yau a saya da ƙarfi ko a ja baya. Farashin da aka fara da shi da asuba ba shi ne na hantsi ba, na hantsi ba shi ne na azahar ba. Ni kuwa na gina wurin da manomi zai rubuta farashi ɗaya ya tafi ya kwanta. Kwando ya zo, Kawu ba ya kallon na sama, don kowa ya san manya ake jerawa a fuska. Hannu yake zurawa ta gefe ya taɓa na ƙasa, ya ce wannan ya nuna da yawa, ba zai kai Legas ba, a kai shi 'Yankaba; wancan da saura, zai jure kwana biyu a mota. Wane hoto ne zai gaya maka haka?

Da rana ta yi ya buɗe mini wani littafi da bangonsa ya yi baƙi don maiƙo. Shafi ɗaya manoman da ya ba kuɗin taki tun Nuwamba, ba takarda ba shaida. Wani shafin kwandunan da ya ba da aro. Wani kuma fataken Kudu da ke ɗaukar kaya bashi, sai sun sayar su turo. Ya nuna mini wani layi ya ce motar nan ta lalace a wajen Mokwa makon jiya, kafin a gyara rabin kayan ya zama ruwa, mai kayan ya ce ba zai iya biya duka ba, manoman kuwa shi suka sani, ƙofar gidansa za su zo. Ya biya su daga aljihunsa, yana bin wancan a hankali. Sannan ya lissafa mini abin da ke cin tazarar nan da ta ba ni haushi: hayar mota, gas, 'yan lodi, kuɗin da ake ajiyewa a shingaye daga nan har Legas, da wanda zai ruɓe ko an ƙi ko an so. La'adarsa a kan kwando ita ce mafi ƙanƙanta a lissafin.

Kada a ce na koma ina wanke dillalai. Akwai waɗanda ke sayar da kaya a wani farashi su gaya wa manomi wani, kuma manomin da ya ci bashin taki ba shi da bakin yin ciniki, wannan na gani da idona a ranar, har yanzu kuma ina kan bakana cewa zalunci ne. Abin da na gane kawai shi ne, ni na ɗauka dillali wuri ne da ya tsaya a hanya, ashe ayyuka ne guda biyar ko shida da wani ke yi, kuma shafina ko ɗaya bai ɗauka ba. Da za mu rabu Kawu ya saya mini rake, ya ce, “Ka ga abin da babba ya hango.” Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Lissafina a lokacin: adireshi da haya da data da takardun talla da kuɗin mota sun ci sama da naira 60,000. Ciniki ko sisi. Ban gaya wa Baba ba.

Ana cikin haka canjin kuɗi ya kankama. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, watan Fabrairun 2023 kowa ya ji a jikinsa. A kasuwannin ƙauye inda komai hannu da hannu ne abin ya fi muni. A nan ne Umma ta shigo labarin.

Umma tana cikin matan Kura masu turara shinkafa. Sana'ar da ta raine mu ke nan, amma ban taɓa kallon ta a matsayin kasuwanci ba, saboda a tsakar gidanmu ake yi, hayaƙinta ne ke sa mu hawaye tun muna yara. A sayo shanshera, a jiƙa ta kwana, a turara a manyan tukwane, a shanya, a kai inji a cashe, a dawo a sheƙe a bakace. Bayan an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 shinkafar gida ta yi daraja, a lokacin injinan Kura ba sa hutawa, har daga wasu jihohi ake kawo shanshera idan tamu ta ƙare. To ga masu saye sun zo, kuɗinsu na banki, Umma kuwa ba ta da asusu. Sai aka fara ba da lambar asusuna. Ina cikin lakca alat zai shigo, in fita in kira gida in ce an biya, a ba shi kaya. Da ita da maƙwabtanta huɗu na zama ma'ajinsu ba tare da na nema ba.

Wata ma'aikaciya a ofishin sashenmu ta ji ina wannan waya, ta ce, “Kai ɗan Kura ne? Ga azumi ya matso, ka taho mini da rabin buhu mana, mai kyau.” Na kawo ranar Litinin. Ta gaya wa wata, watan ta gaya wa wata. Na ɗauki hoton shinkafar a faranti na sa a WhatsApp. Kafin a ɗauki azumi ranar 23 ga Maris na kai buhu tara, ba tare da shafi ba, ba tare da takardar talla ko ɗaya ba.

Wani dare ina lissafi sai abin ya faɗo mini. Shinkafa tana jira. In mai saye ya kira bayan kwana uku tana nan, bayan sati uku ma tana nan. Tana da ma'auni da kowa ya yarda da shi. Kuma tambayoyi ukun matar Ibadan ina da amsar biyu: ni zan duba kayan, don a gabana aka turara, in kuma na gudu an san ajinmu an san gidanmu. Saura mota.

A ƙarshen mako ɗaya na rushe aikin sati shida. Na koma wa shawarar malamin nan da na raina. Sabon shafin fuska ɗaya ce tak: hoton shinkafa, irin da ake da shi, Jamila ce ko wata, farashin kilo 10 da 25 da 50, ranar da aka sa farashin, ɗan gajeren bidiyo na tukwane da shanya, sai koren maɓalli da zai kai ka WhatsApp ɗina. Ba rajista, ba kalmar sirri. Na rage nauyin hotuna don ya buɗe ko da sabis ɗin Kura. Wurin biya da kati da na sha wahalar haɗawa na cire shi bayan wata biyu, don ba wanda ya taɓa dannawa. Mutanenmu so suke su ji muryarka, su ce “Malam ba ragi?”, ka ce babu, sannan su turo.

Wani zai ce to in haka ne mene ne amfanin shafin, ai WhatsApp ya wadatar. Na yi wa kaina wannan tambaya lokacin biyan haya. Amsar ita ce baƙo. Wanda ya san ka, lambarka ta ishe shi. Wanda aka tura wa lambarka daga hannu na uku yana son ya ga wani wuri tsayayye kafin ya saki kuɗinsa. Da na yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, na buɗe asusu da sunan, na sa lambar rajistar a ƙasan shafi, sai tambayar “ya zan yarda da kai?” ta ragu sosai. Akwai kuma kwastomomin da ban taɓa tunaninsu ba, 'yan Kano mazauna nesa. Wani bawan Allah da ke aiki a Fatakwal ya rubuta “shinkafar Kura” a Google ya faɗo kaina. Ba shi zai ci ba, mahaifiyarsa ce a cikin birni yake so a kai wa duk bayan wata biyu, a ɗauki hoto a turo masa. Har yau bai fasa ba, kuma ya kawo mini mutum uku irinsa.

Maganar mota kuwa, wa kuke tsammani ya warware ta? Kawu. Ya kama hannuna ya kai ni tasha wurin direbobin Kaduna da Abuja da ya sani shekara da shekaru, ya ce, “Wannan ɗana ne, kayansa kayana ne.” Shi ke nan. Abin da taurari biyar ɗina ba su yi ba, jimla ɗaya ta yi.

Kada ku ɗauka daga nan sai riba. Kayan farko da na aika Abuja, kilo 25, bayan kwana huɗu saƙon murya ya shigo, minti biyu da rabi. Wata Hajiya ce, ta ce maigidanta ya tauna tsakuwa har haƙorinsa ya tsage, kuma za ta gaya wa duk wanda ta sani. Na ba ta haƙuri, na mayar mata da rabin kuɗi. Wahalar ba a nan take ba, wahalar gaya wa Umma ce. Ta ajiye faifai ta dube ni.

“Shekara ashirin ina sana'ar nan, ba wanda ya taɓa dawo mini da kaya. Wace mace ce za ta ɗora shinkafa ba ta rege ba?”

Kuma tana da gaskiya. Mai saye a Kura ta san sai ta rege, da haka ta tashi. Amma wadda ta saba da 'yar waje daga buhu sai tukunya. Ni ne na kai kayan Umma kasuwar da ba tata ba, ban gaya mata sharaɗin kasuwar ba. Na ce a daina shanya a dandamalin ƙasa, a koma tamfol, kuma a riƙa kaiwa injin da ke da na'urar cire tsakuwa ko da ya fi tsada, ni zan ƙara a farashi. Kwana biyu Umma ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ran na uku na dawo na tarar da sabon tamfol a tsakar gida, da kuɗin adashenta ta saya, ba ta ce mini komai ba ni ma ban ce ba. Hajiyar Abuja ba ta sake saye ba.

Na biyu ni na jawo wa kaina. Don in ja kasuwar Babbar Salla na rubuta a shafi cewa kai kaya cikin Kano kyauta ne. A ƙarshen Mayu na karɓi kuɗin mutum 14. Ranar 29 ga wata sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Direbobin Kura suka ƙara, 'yan adaidaita suka ƙara, shanshera ma ta motsa. Na yi tunanin in bi mutane in ce su ciko, sai na tuna rubutun yana nan a shafi da sunana, wasu ma sun ɗauki hotonsa. Na kai wa kowa kayansa. Duk ribar da na tara tun azumi ta tafi a sati ɗaya. Tun daga ranar kuɗin mota daban yake, kuma farashi na kwana uku ne, an rubuta ƙarara.

An kuma taɓa yi mini alat na ƙarya, buhu guda, wani mai shiga ta mutunci. Yanzu sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗi da idona.

Akwai asarar da ba ta shiga littafi ba. A semistar nan na samu kariyoba a kwas ɗaya, don ranar gwaji ina tasha ina jiran direba. Rajista kuma da ta zo kuɗin ba su cika ba, dole na zauna gaban Baba na faɗi abin da na yi da kuɗin albasa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sayar da tunkiya ya cika. Duk mai shirin taɓa kuɗin makarantarsa don ya ji labarin wani Bature da ya bar jami'a ya yi arziki, ya fara zuwa ya same ni.

Yanzu ina HND I. A wata mai kyau nakan fitar da buhu 25 zuwa 30, a wata mara kyau goma ma da ƙyar. Ba arziki ba ne. Yana biyan data da kuɗin mota da takardun lakca, rajistar bana ni na biya da kaina, kuma na mayar wa Baba tunkiyarsa, har da ɗa a cikinta. Matan biyar uku sun buɗe asusunsu, kai tsaye nake tura musu ranar da na ɗauki kaya, ba na cin bashinsu. Abu ɗaya kuma na riƙe daga tsohon haushina: farashin da nake sayarwa a fili yake. Ƙanwata takan buɗe musu shafin ta karanta, sun san nawa Abuja ta biya, nawa inji ya ci, nawa buhu da ɗinki, nawa ya rage mini. Sau biyu sun ce nawa ya yi yawa, sau ɗaya na rage.

Da ranin da ya wuce Kawu ya zo gidanmu gaisuwa, ya sa ƙanwar tawa ta buɗe masa shafin. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi nawa nake samu a kan buhu. Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tafawa, ya juya wurin Umma ya ce, “Kin ga ɗanki? La'adarsa ta fi tawa.” Sannan ya ce yana da albasa a rumbu, ita ma ai tana jira, ko zan sa masa a intanet ɗin. Na ce zan sa, Kawu, amma da sharaɗi ɗaya, manoman da suka kawo za su riƙa ganin farashin da aka sayar. Ya gyara hularsa ya ce zai yi tunani. Na sake tuna masa da Ƙaramar Salla, ya ce yana kan tunanin.